Dutsen Guga a Kunnen Yaya

Duk wanda ya san Injiniya ya san bai iya ƙarya ba. Ba wai tsabar tsoron Allah ba ne, fuskarsa ce ba ta da murfi. Da ya yi niyyar ɓoye abu sai gumi ya tsattsafo masa a karan hanci, ya cire tabarau ya hau gogewa ba gaira ba dalili. Matarsa ma ta daina tambayarsa inda ya tsaya, hancin kawai take kallo. To amma ga shi bawan Allahn nan ya fi shekara biyu yana tafka ƙarya guda, ba da baki ba, da ɗan yatsa. Kuma ba kowa yake yi wa ba sai yayarsa, wadda ta goya shi.

Sana'arsa haɗa sautin waƙa. Situdiyonsa yana saman bene, a kan shagon masu ɗinki. Ɗaki biyu ne. Babban yana ɗauke da kwamfuta, da sifika biyu, da kujerar da aka ɗaure hannunta ɗaya da waya. Ƙaramin kuwa tsohon sito ne da ya manne wa soson katifa da kwalayen ƙwai, ya fasa bango ya sa gilashi don ya riƙa ganin mai waƙa. Ba fanka a ciki, don makirfo ba ya shiri da iska. Mawaƙa kan ce wanda ya shiga da ƙiba, da rama yake fitowa.

Shi ne autan gidansu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, sai Yaya ta ɗauke shi. Tana wanki tana waƙa, tana shara tana waƙa, shi kuma yana bayanta ya manna kunne. Yakan ce bayan Yaya ne sifikar farko da ya fara saurare. Da ya tasa ya addabi rediyon gidan da kwance-kwance, ita ce ta kama hannunsa ta kai shi wurin mai haɗa mata sauti, ta ce a koya masa kafin ya ƙarar da kayan mutane. Yau gari duk Injiniya ake ce masa. Ga furfura a gemu, ga 'ya'ya sun fara tsawo, amma a bakin Yaya har gobe shi Auta ne.

In kana son ka ga bakinsa ya buɗe, yi masa maganar fulogin, 'yan manhajojin nan da ake ɗora wa murya ko kiɗa a cikin kwamfuta don su gyara sauti. Yana da su birjik, amma huɗu ne 'yan gaban goshinsa, kuma tuni ya raba su da sunayen da masu su suka raɗa musu. Akwai Rariya, mai tace ƙarar janareto da kukan kekunan ɗinkin ƙasa. Akwai Dattijo, wanda in mawaƙi ya ɗaga murya da yawa sai ya sassauta shi, in ya koma raɗa ya ɗago shi. Rijiya kuwa amsa-kuwwa take sa wa murya, har ka rantse a babban zaure aka rera ba a sito ba. Samarin mawaƙa sun fi son ta, kullum cewa suke a ƙara. Shi kuwa ya ce musu Rijiya turare ce, in an jiyo ta daga nesa to an zuba da yawa.

Na huɗun shi ne Dutsen Guga. In murya ta kauce wa kiɗa, ta yi sama ko ta zame ƙasa, shi ne zai jawo ta ya ɗora a daidai, nan take, kafin kunne ya ankara. Yana da ɗan maɓalli mai zagaye irin na ƙara muryar rediyo: in an murɗa hagu guga kaɗan, in an murɗa dama guga sosai. Injiniya ya fi son sa a kan duka, ya kuma fi jin kunyarsa. A gaban mutane cewa yake guga ba ya ɗinke yagaggiyar riga. Sai an watse yake ɗauko shi.

Yaya ba za a ce ta cika duniya ba, amma in waƙarta ta tashi a motar haya za ka ji fasinja ya ce direba ya ƙaro. Abin da aka san ta da shi hawa ne. Takan ɗauki baiti daga ƙasa ta yi ta hawa da shi har sai tsikar jikinka ta tashi, sannan ta ajiye shi a hankali. Sai wani tsiro ya fito mata a maƙogwaro, aka yi mata aiki. Likita ya hana ta magana na wani lokaci, waƙar dandali kuwa ya ce ta jingine ta tukuna. Da ta ji sauƙi, benen Auta ta fara hawa.

Ranar ba za ta taɓa fita daga ransa ba. Ta shiga sito, ta sa hedifon a kunne, ya saki kiɗa. Farkon baitin lafiya lau, sai ɗan dishi-dishi. Da ta zo hawa sai muryar ta tsaya a hanya, ta gaza kaiwa inda ta saba. Kaɗan ne, wallahi kaɗan ne, amma ya ji, ita ma ta ji. Ta gilashi ya ga ta katse waƙar, idonta ya raina fata.

"Auta, me na ji haka?"

"Wayar hedifon ɗin ce, Yaya. Bari in gyara."

Gumin hancin ya zo, amma gilashi ya rufa masa asiri. Ya ɗora Dutsen Guga a kan hanyar da muryarta ke bi ta koma kunnenta, ya ƙara ƙarfin hedifon yadda gyararriyar za ta danne ta gaskiyar. Ta sake ɗaukar baitin. Ta ji kanta ta hau har ƙarshe, sumul. Sai ta dafa bango ta fashe da kuka tana cewa, "Ta dawo, Auta. Allah ya dawo mini da ita."

To kai ne a kujerar nan, za ka kashe? Ya ce wa ransa na 'yan kwanaki ne, kafin maƙogwaron ya warware. Kwanaki suka zama watanni. A gida Yaya ba ta buɗe murya, tana tattalinta kamar yadda likita ya ce, sai dai 'yar waƙar ƙasa-ƙasa in tana aiki, kuma a can ƙasan muryar ba ta da matsala. Duk hawan da za ta yi a siton nan take yin sa, da hedifon a kunne. Waƙoƙi suka fita, mutane suka yi ta barka. Abin da ba wanda ya sani shi ne maɓallin nan mai zagaye. Ranar farko ɗan taɓa shi ya yi. Bayan nan kowane zama sai ya ƙara ɗan murɗawa, don muryar ƙara kaucewa take. Yanzu ya kai bango, babu sauran wurin murɗawa.

Ana nan, ran wata Talata da safe, yana saka makulli a ƙofar situdiyo sai wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, muryarta fal murna.

"Auta, albishirinka. Gidan rediyo sun gayyace ni ran Asabar. Shirin nan da mawaƙi ke zama da makaɗi ɗaya ya rera kai tsaye. Na ce musu ina zuwa."

Makullin ya suɓuce ya faɗi. Ya san shirin sarai. Ba kwamfuta, ba gyara, abin da ya fito daga baki shi ke shiga kunnen gari.

"Yaya, likita fa?"

"Na je jiya, ya ce maƙogwaro ya warke tas. Da azahar zan zo da Dogo mai jita mu gwada. Na ji ka yi shiru, ko baƙin ciki kake yi ne?"

"Wane ni. Allah ya sanya alheri."

Bai ko zauna ba ya nemo lambar mai shirya shirin. Bayan gaisuwa ya fara kewaye-kewaye, wai ko za a bar shi ya zo da kwamfutarsa don ya ɗan daidaita sauti.

Matar ta yi dariya. "Injiniya ke nan. Ai abin da ya sa ake sauraronmu ke nan, makirfo biyu ne kawai a ɗakin. Ko dai akwai wata matsala ne?"

"Babu, ranki ya daɗe. Ko kusa."

Ya ajiye wayar, ya goge tabarau. Sannan ya yi abin da ya daɗe yana gudu. Ya buɗe waƙarta ta ƙarshe, ya kashe Dutsen Guga, ya saurari muryar tsirararta. Ko rabin baiti bai kai ba ya tsayar. Ashe abin ya wuce inda yake zato. Tun kafin ta fara hawa muryar ke tangaɗi, in ta hau kuwa sai ta kama wata hanya daban, kiɗa na gabas tana yamma, kuma da ƙarfin zuciyarta, don ita a kunnenta daidai take. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya hango Yaya a gaban makirfon mutane, ya hango matasan nan masu yanko abin dariya su baza a waya.

A haka matarsa ta same shi da ta kawo masa abinci a kula. Ta kalli hancin, ta ajiye kular, ta jawo kujera. Bai ɓata lokaci ba ya zayyane mata komai. Da ya gama sai ta tambaye shi.

"Yanzu me ka yanke?"

"Ina tunanin in ce mata ranar akwai wani aikin. Ko in sa a ɗaga shirin."

"In an ɗaga fa, sai a fasa zuwan ranar? Baban yara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ta ji a ɗakinka da ta ji a bakin gari."

"Ba ki ga fuskarta a ranar ba ne."

"Ban gani ba. Amma ta Asabar kowa zai gani."

Ta tafi ta bar shi da abincin da bai iya buɗewa ba.

Da azahar ya jiyo takunta a matakala, tana hawa tana tsokanar masu ɗinki. Ta shigo da sabon gyale da filas ɗin ruwan ɗumi, Dogo na biye da ita yana sunkuyar da kai kada ya bugi ƙofa. Ta ce yau ba ta shiga siton nan mai zafi kamar tanda, a nan babban ɗaki za su zauna ita da Dogo, kamar yadda za a yi a rediyo.

Ga dama ta kawo kanta har gida. Da ya yi shiru kawai, da gaskiya ta fito da ƙafarta. Amma ina, sai ga bakinsa yana cewa, "Ƙarar kekunan ƙasa za ta dame ku, Yaya. Shiga ciki dai, Dogo ya zauna nan kusa da ni." Kai, tsoro bai yi ba.

Ta yi tsaki ta shiga, ta sa hedifon. Dogo ya gyara zama ya fara kaɗawa. Muryar da ta fito ta sifika mai guga ce, santsi kamar an shafa mata mai. Ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Dogo ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe ya ce, "Yaya, ran Asabar sai dai sauran mawaƙa su yi haƙuri." Ta fito tana fifita da gefen gyale tana dariya, ta ce ita ma ta ji a jikinta, ba sai an maimaita ba. Ta sha ruwan ɗuminta, ta ɗauki jaka. Dogo ya sa jitarsa a akwatinta ya ce bari ya sauka ya tsayar musu da abin hawa.

Hannunta na kan ƙofa. Injiniya ya bi bayanta da kallo. In ta sauka benen nan, sai dai su haɗu ran Asabar.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Ɗan zauna. Akwai abin da nake so ki ji."

Ta juyo ta dube shi, idonta ya sauka a kan hancinsa. Ita ta raine shi, ta riga matarsa sanin hancin nan. Ta dawo ta zauna a bakin kujera, jakar na kan cinyarta.

Ya mayar da abin da suka ɗauka yanzu-yanzu farko. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ya kashe Dutsen Guga, ya saki.

Jitar Dogo ta shigo tsaf. Muryar ta biyo baya. Da ta fara tangaɗi Yaya ta yamutsa fuska, da ta zo hawa ta kauce sai ta yi 'yar dariya.

"Na'urarka ta lalace, Auta. Ji yadda ta mayar da ni."

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Kashe ta na yi."

"Ban gane ba."

Ya nuna mata a fuskar kwamfuta. Ya kunna, murya ta miƙe. Ya kashe, ta karkace. Ya kunna, ya kashe. Bai iya haɗa ido da ita ba, da gilashin sito yake magana. Ya ce wannan shi ne abin da ke fitowa daga bakinta, wancan kuma shi ne abin da yake mayar mata a kunne.

Ta ce ya sake sa mata daga farko, kuma kada ya tsayar. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Da ma ta yi kuka ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika dawo."

"Ranar da ka ce waya ce."

"Eh."

Ta matso da kujera, ta sa yatsa a kan hoton maɓallin nan mai zagaye. "Wannan shi ne ƙarfin gyaran?"

"Shi ne."

"Ranar farko a ina yake?"

Ya murɗa shi can hagu, ɗan taɓi kaɗan.

"Yau fa?"

Ya murɗa har ya ƙure. Ta daɗe tana kallon tazarar da ke tsakani.

"Wato a ranar, taku ɗaya ne tsakanina da muryata," ta ce a hankali. "Da ka bar ni na ji, da na yi kukana na share hawaye, na bi ta na kamo. Ko ban kamo ba, da na san inda zan tsaya. Sai ka toshe mini kunne, ka bar ni ina ta tafiya ina nisa, kana tafa mini."

"Tausayinki na ji, Yaya. Wallahi ban yi don..."

"Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo." Ta gyara gyalenta. "Da me mawaƙi yake waƙa?"

Ya ce, "Da kunne."

"Wa ya koya maka?"

"Ke ce."

Nan hawayen da yake riƙewa suka zubo, gemu da furfura bai hana ba. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba. Ya ce bari ya kira gidan rediyon ya ce jikin ne ya motsa, ba wanda zai ga laifinta.

"Wata ƙaryar kuma?" Ta girgiza kai. "Ta isa haka."

Dogo ya leƙo yana cewa ga mai abin hawa na jira. Ya kalli fuskokinsu, ya tsaya a bakin ƙofa. Yaya ta ce ya je ya sallami mutumin ya dawo ya fito da jitarsa, ba a gama ba. Ta ajiye jaka, ta cire gyale ta rataye a hannun kujera, ta buɗe ƙofar sito. Ta sa hedifon a kunne ɗaya, ta bar ɗayan a buɗe.

"Kashe su," ta ce ta makirfo.

"Na kashe gugan."

"Duka na ce."

"Har Rijiya?"

"Har ita."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Rariya, Dattijo, Rijiya, 'yan fitilunsu suna mutuwa. Bai taɓa ganin fuskar kwamfutarsa fayau haka ba. Dogo ya dawo ya zauna, bai tambayi komai ba, ya fara kaɗawa.

Ta ɗauki baitin. Muryar ta fito da dishinta, ga kukan keken ɗinki a bayanta. Dogo ya ɗago kai da sauri, ya kalli Injiniya, ya mayar da ido kan tsirkiyarsa. Ta fara hawa. Injiniya ya san daidai inda za ta zame, jikinsa ya riga ya haddace wurin, kuma kafin ya sani hannunsa ya kai kan linzami.

Ƙwas, ƙwas. Zobenta ne a jikin gilashi. Ba ta daina waƙar ba, hannun kawai ta nuna masa da ido. Ya janye shi, ya ɗaga cinya ya zauna a kan hannayensa biyu.

Ta zame. Mummunar zamewa kuwa. Amma wannan karon ta ji, don ta runtse ido, ta tsaya cak, ta nemi sautin a maƙogwaro ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, har ta ɗan matso kusa da shi. Ba ta kai ba. Ko za ta kai kafin Asabar, Allah kaɗai ya sani. Gumi na bin wuyanta, ta ce Dogo ya koma farko.

Sannan ta dubo ta gilashi, fuskarta ba fushi ba fara'a.

"Sake ɗauka, Injiniya."

Tun da uwarsu ta haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya zaro hannu ɗaya, ya danna maɓallin ɗauka, ya mayar da shi inda yake.